Inji ya ci hannun ma'aikaci: me ke jawowa, wa zai biya?

Bazazzage:
Assalamu alaikum jama'a. Ana yawan samun samarin da inji ya cinye wa yatsu ko hannu a wuraren casar shinkafa, niƙa da matsar man gyaɗa a nan Zariya. Mai wuri ya biya kuɗin ɗinki, a ce tsautsayi ne, magana ta mutu. Me ke jawo abin, kuma me doka ta tanada?

Injiniyan Sabon Gari:
Wa alaikumus salam Malam. Galibi sai inji ya shaƙe ake jin ciwo. An ɗauke wuta, yaro ya ga komai ya tsaya, ya zura hannu zai ciro abin da ya toshe, sai a kawo wuta ko wani ya tada janareta. In makunnin irin na ɗagawa da hannu ne, yana nan a kunne, injin kuwa zai tashi da kansa. Maganin wannan shi ne sitata mai kwantakta, wato na'urar kunna inji: ana ɗauke wuta take saki, ba ta sake kamawa sai an danna koren maɓalli. Ko da ita, kafin a buɗe inji a kashe babban makunni, a sa masa kwaɗo, makullin ya zauna a aljihun mai gyaran. A kuma jira juyin ya tsaya cak, don injin niƙa na ci gaba da gudu bayan an kashe shi.

Sai murfin bel da fuli, wanda ake cirewa ranar canjin bel ba a mayarwa. Nan ne hannun riga, rawani da mayafi ke kamawa. Safar hannu ma kusa da abin da ke juyawa haɗari ce, ita ke jan hannun ciki.

Nas daga Samaru:
Injiniya ya gama magana. In abin ya riga ya faru, a danne ciwon da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama. In jini na tsartuwa ya ƙi tsayawa, a ɗaure tamau sama da ciwon da kamar santimita 5 zuwa 7, da ƙyalle mai faɗi ba waya ko igiya ba, a rubuta lokacin. Don Allah a daina zuba man birki, toka ko ƙasa. Yatsan da ya gutsure a naɗe shi da bandeji mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, sannan a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara. Kada ƙanƙara ta taɓa naman. A wuce asibitin koyarwa na ABU da ke Shika kai tsaye, kuma kada a ba shi abinci ko ruwa saboda tiyata.

Ɗan Ƙungiyar Ƙwadago:
Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai wuri zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, hukumar gwamnatin tarayya mai biyan diyyar ma'aikata, kuma haramun ne ya cire shi daga albashinsu. Ma'aikaci ko danginsa su sanar da mai wuri cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto NSITF cikin kwana 7. Neman diyya cikin shekara ɗaya ne. Wanda ya nakasa gaba ɗaya yana da kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Dokar Masana'antu ta 1987 kuma ta wajabta rufe sassan inji masu haɗari, da sanar da sufeton Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya duk haɗarin da ya yi kisa ko ya hana mutum aiki fiye da kwana 3. A ganina matsalar tana wajen ƙananan wuraren da ba su yi rajista ba, don sufeto ba ya leƙa inda bai san da shi ba.

Bazazzage:
To lebura ɗan biyan kullum fa, Malam?

Ɗan Ƙungiyar Ƙwadago:
Dokar ta haɗa da shi, har da ɗan koyo. Wahalarsa hujja ce, tunda a hannu ake biyansa. A ɗauki hoton injin kafin a mayar da murfi, a riƙe katin asibiti da rasit, a sa abokan aiki biyu su rubuta abin da suka gani tun a ranar. Kada ya sa hannu a takardar sulhun da ba a karanta masa ba.