Neman shawara: faya-fayan garmahon da mahaifinmu ya bari

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu ya rasu wata huɗu da suka wuce. Muna kwashe kayan ɗakinsa sai muka ci karo da wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, cike da faya-fayan garmaho da ya zo da su daga Amurka sa'ad da ya je karatu. Wasu manya ne masu nauyi, wasu ƙanana masu faffaɗan rami a tsakiya. Sunayen da na gani a jiki su ne Ruth Brown, LaVern Baker, The Drifters, The Orioles da Frankie Lymon. Yayana ya ce a kira 'yan gwangwan su kwashe kowa ya huta. Ni dai raina bai kwanta ba, don ina tuna Baba yana kunna su bayan la'asar, ya lumshe ido yana kaɗa ƙafa. Su wane ne waɗannan mutane? Me ya kamata in yi?

Tsohon ma'aikacin rediyo:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ɗana, ka dakatar da yayanka tukuna. Manyan nan masu nauyi fashewa suke kamar tangaran, kada ka jibge su kwance, jera su za ka yi a tsaye a ɗaki mai sanyi. Kada kuma ka goge su da sifirit, yana cinye su.

Abin da ke hannunka waƙoƙin baƙar fatan Amurka ne na bayan yaƙin duniya na biyu. Da farko ana kiransu faya-fayan launin fata, sai a 1949 mujallar Billboard ta koma kiransu rhythm and blues. The Orioles samarin Baltimore ne, jagoransu Sonny Til, sun fito a 1948. Irin su a bakin titi da coci suka koyi haɗa murya, mutum huɗu ko biyar, wannan siririya wancan kakkaura. A zamanin sunan tsuntsu ake yayi, shi ya sa za ka ji Ravens, Orioles, Flamingos.

Anti mai koyar da tarihi:
Ƙanena, ni Ruth Brown ce ta tsayar da ni. Ta shiga kamfanin Atlantic a 1949, kamfanin da Ahmet Ertegun, ɗan jakadan Turkiyya, ya kafa da abokinsa shekara biyu kafin nan. Waƙarta Teardrops from My Eyes ta 1950 ta yi mako 11 tana kan gaba a jerin waƙoƙin rhythm and blues na Billboard. Kuɗin da ta kawo musu ya kai har ana yi wa kamfanin kirari da gidan da Ruth ta gina. To ka san ina ta ƙare bayan tauraronta ya dusashe? Aikatau a gidajen mutane da tuƙa motar 'yan makaranta, don ta ciyar da 'ya'yanta. Kamfanin kuwa yana ta sake buga faya-fayanta, littafinsa yana nuna wai shi ke binta bashi. Duk sanda na zo nan sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Amma ba ta haƙura ba, ta samu lauya suka yi ta fama har aka biya ta, kuma gwagwarmayarta ce ta haifar da gidauniyar tallafa wa tsofaffin mawaƙan a 1988. Shekara ɗaya bayan nan ta ci lambar Tony, lambar yabo ta wasan kwaikwayon dandamali a Amurka. Ta rasu a 2006.

LaVern Baker kuma wata cutar aka yi mata. Ta yi Tweedle Dee, sai wata baturiya, Georgia Gibbs, ta kwaikwaye ta kusan sak, gidajen rediyon fararen fata suka ɗauki ta baturiyar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. LaVern ta kai kuka har Majalisar Dokokin Amurka a 1955.

Ɗan Sabon Gari:
Yallaɓai, duba shekarar da ke jikin faifan Drifters ɗinka, don Drifters ba ɗaya ba ne. Clyde McPhatter ya kafa ƙungiyar a 1953 bayan ya bar wata ƙungiyar mawaƙa mai suna Dominoes, aka ɗauke shi soja a 1954, ya sayar wa manajansu George Treadwell rabonsa. Daga nan sunan ƙungiya ya zama na manaja, mawaƙa suka koma 'yan albashin mako. A 1958 ya sallame su gaba ɗaya, ya ɗauko wasu samari, ciki har da Ben E. King, ya laƙaba musu sunan. McPhatter ya mutu a 1972 yana da shekara 39. Frankie Lymon kuwa yana ɗan 13 ya yi suna a 1956, ƙwaya ta kashe shi a 1968 yana da 25.

Malam na bayan masallaci:
Ni ba ma'abocin kiɗa ba ne, amma kayan nan gado ne, akwai haƙƙin kowa a ciki. Kada ka ɓoye, kada kuma a zubar. Ku samu wanda ya san darajarsu ya yi musu kuɗi, in kana so a sa maka a rabonka, da yardar mahaifiyarku da sauran magada.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na duba, faifan Drifters ɗin da sunan Clyde McPhatter a jiki, Money Honey. Na jera su a tsaye cikin kwali a ɗakin Mama. Da ta ga na Ruth Brown sai ta karɓa ta riƙe, ta ce wannan ne yake sa mata suna sabon aure. Gobe zan yi wa Yaya maganar rabon. Baba na rediyo, ko ka san inda ake gyara allurar garmaho?