Rubutun hannu yana tona wanda zai yi nasara? Yadda muhawara ta kaya tsakanin 'yan uwa

Auta: Salamu alaikum. Wani hoto ne ke ta yawo tun jiya, na ce bari in kawo shi a fafata. Wai idan layin rubutunka yana hawa sama, kai mai buri ne. Idan kana danna biro har sawun ya fito a bayan takarda, kana da naci. Manyan baƙaƙe alamar shugabanci ne, sa hannu mai layi a ƙasa kuma yarda da kai. Na ɗauko littafina na duba, wallahi uku cikin huɗu sun hau kaina daidai.

Yaya Babba: Na huɗun fa?

Auta: Shugabancin ne bai iso ba tukuna, Yaya.

Kawu: Ku daina mayar da abin raha. Na daɗe ina karɓar takardun masu neman aiki, kuma wanda ya rubuta tasa a tsanake, ya bar gefe, babu goge-goge, da wuya ya ba ni kunya. Abin ma ba yau aka fara ba. Wani limamin coci Bafaranshe, Michon, shi ya raɗa wa fannin gano hali daga rubutun hannu suna girafoloji a shekarun 1870. A Faransa kamfanoni sun daɗe suna neman wasiƙar da aka rubuta da hannu, su kai wa masanin rubutu kafin su ɗauki mutum. Su ba su san zafin kuɗinsu ba ne?

Anti Malama: Allah ya ƙara girma, Kawu, amma ni ce ke kama hannun yara in koya musu rubutu. Duk shekara rabin ajina suna fita da “g” irin tawa, mai lanƙwasasshiyar wutsiya. Halina na zuba musu, ko allo suka kwafa? Akwai wata bahaguwa a ajina, baƙaƙenta duk sun jingina hagu saboda yadda take ajiye hannu kada ta shafe abin da ta rubuta. A lissafin masu hoton nan, ita mai gudun mutane ce. Yarinyar da ba ta barin aji ya yi shiru! Kuma da suke cewa karkata dama na nufin fuskantar gaba, ai don boko daga hagu yake tafiya zuwa dama ne. Mai rubuta Larabci fa, ina ne gabansa?

Yaya Babba: Kuma an gwada, Kawu. A 1989 wasu masana biyu, Neter da Ben-Shakhar, suka tattara bincike 17 da aka yi kan ko masanan rubutu za su iya hasashen ƙwazon ma'aikaci. Ba su fi mutanen da ba su taɓa karanta fannin ba. Ɗan abin da suke cankowa ma daga maganar da ke cikin takardar yake fitowa, kamar mutum ya ba da tarihin karatunsa da ayyukan da ya yi. Da aka ba su rubutun da babu labarin mai shi a ciki, sai cankon ya zube kusan ƙasa. Ina zargin abin da kake gani ke nan. Kana karanta abin da mutum ya ce da yadda ya tsara shi, sai ka ba siffar baƙi ladan.

Auta: To ni da uku suka dace da ni fa?

Yaya Babba: A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Forer, ya yi wa ɗalibansa gwajin hali, ya miƙa wa kowa takarda ya ce sakamakonsa ne shi kaɗai. Suka ba ta maki sama da 4 cikin 5 wajen dacewa da su. Ashe takarda ɗaya ce ya raba wa kowa. Wa za a ce masa yana da buri da naci ya ce ƙarya ake masa?

Kawu: Na ji. To kotu fa? Ba da rubutun hannu ake kama masu jabun takardu ba?

Dokta: Nan kam aiki biyu ne, Kawu. Na kotu yana tambayar wa ya rubuta, ba ruwansa da halin mutum. Shi ɗin ma yakan yi tuntuɓe. A 1983 mujallar Stern ta Jamus ta fito da wasu kundaye da aka ce Hitler ne ya rubuta, masana rubutu suka gaskata, ashe cikin samfurin da aka ba su don kwatantawa har da wanda ɗan jabun, Kujau, ya rubuta da hannunsa. Binciken takarda da tawada ne ya tona asiri. Inda na yarda rubutu yana magana shi ne wajen lafiya. Mai cutar Parkinson, wadda ke sa karkarwar jiki, sau da yawa rubutunsa kan ƙanƙance, ya fara layi da girmansa, kafin ya kai ƙarshe baƙaƙen sun koma kamar jerin tururuwa. Na taɓa sa wani dattijo ya ɗauko tsohon sa hannunsa muka ajiye kusa da sabo, shi kansa sai da ya yi shiru. Amma wannan labarin ƙwaƙwalwa da jijiya ne, burinsa yana nan yadda yake.

Auta: Dokta, kai ne ma babbar hujja. Da kyan rubutu ne nasara, da yanzu kana gida a zaune.

Anti Malama: Sai dai akwai inda zan goyi bayan Kawu. Kyan rubutu yana buɗe ƙofa, ta wajen mai karantawa. Idan dare ya yi ina makin jarrabawa, ido ya gaji, takardar da ta fito tas nakan ji hannuna ya saki. Mai rubutun kaza kuwa sai na tsawata wa kaina in sake karantawa, sau da yawa amsarsa ta fi. Abin da ke ba ni tsoro ke nan, a kore irin wannan yaron daga layin neman aiki ba a ji ta bakinsa ba.

Kawu: Ban sauka daga bakana ba. Mutumin da bai iya kula da takarda ɗaya ba, ina shakkar ya kula da amanar da ta fi ta.

Yaya Babba: To mu gwada. Mutum goma da muka san aikinsu, kowa ya kwafi sakin layi iri ɗaya, babu suna, babu sa hannu. Ni zan cakuɗa, kai kuma ka jera mana daga gwarzo zuwa malalaci.

Kawu: Na amince. Amma a cire duk wanda na san rubutunsa, kada gobe ku ce na yi satar amsa.

Auta: A saka na Dokta a ciki don Allah.

Dokta: Ku saka. In Kawu ya karanta, ya taimaka ya gaya mini abin da na rubuta.