Na'urar taron bidiyo ta gida ta ƙi shiga taron ofis na Teams: ina matsalar take?

Baban Amira:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar na'urorin taron bidiyo. Kwana uku nake aiki daga gida a kowane mako, shi ya sa na sayi na'urar taro wadda aka taɓa amfani da ita, irin wadda ake kafawa a ɗakin taro, mai akwatinta dabam da kyamara mai juyawa da makirufon tebur. Hotonta da sautinta sun fi na kwamfutata nesa ba kusa ba. A cikin saitinta na ga tana kira ta H.323 da SIP, amma ma'aikatarmu a Microsoft Teams take yin dukkan tarukanta, kuma adireshin shiga da ake turo mana ba shi da gurbin da zan saka shi a na'urar. Na kuma gwada kiran na'urar wani abokin aiki, kiran ya shiga, yana ganina yana jina, ni kuwa baƙin allo kawai nake kallo, ko tari ban ji ba. Shin akwai saitin da na tsallake ne, ko kuwa na yi asarar kuɗina?

Injiniya:

Wa alaikumus salam, Malam. Matsaloli biyu ne suka haɗe maka, kuma babu ruwan ɗaya da ɗaya. Ta farko ita ce bambancin harshe. H.323 da SIP ƙa'idoji ne da na'urori ke bi wajen ƙulla kira. Ƙa'idar H.323 ta fito ne daga hukumar sadarwa ta duniya, ITU, a 1996, ita kuwa SIP sigarta da ake aiki da ita yanzu ta fito a 2002, kuma a kansu aka gina yawancin na'urorin ɗakin taro na wancan zamani. Teams yana da tasa hanyar ƙulla kira, ba ya karɓar kiran bidiyo kai tsaye daga na'urar H.323 ko SIP, don haka ko kwana za ka yi kana jujjuya saiti ba za su fahimci juna ba.

Abin da ke haɗa su shi ne wata gada mai aikin tafinta a tsakiya, wato hidimar da Microsoft ke kira CVI, wadda kamfanoni irin su Pexip da Cisco ke bayarwa. Na'urarka za ta kira gadar ta SIP ko H.323, gadar ta sauya sauti da hoton zuwa tsarin Teams, ta shigar da kai taron. Sai dai ba kai ne za ka saya ba. Lasisin yana rataye ne a asusun ma'aikatar da ta kira taron, kuma idan an kunna wa mai kiran taron, za ka ga ƙarin layi a ƙasan takardar gayyata ɗauke da adireshin bidiyo da lambar taro, wadda za ka danna da rimot. Ka duba gayyatar da kyau, domin na sha ganin mutane suna fama alhali layin yana nan a ƙasa, ba su gangara sun karanta ba. Idan babu shi, sashen kwamfuta na ofishinku ne kaɗai zai iya samar da shi. Haka abin yake a Google Meet, inda ake bi ta Pexip, yayin da Zoom ke da tasa gadar mai lasisi dabam.

Maman Sadiq:

Injiniya ya gama da ta farko, bari in ɗauki ta baƙin allo, tun da ita ce abin da nake warwarewa kullum a wurin aiki. Rautar gida, wato akwatin da ke raba intanet a gida, tana ba na'urarka adireshi na cikin gida, irin mai farawa da 192.168, wanda ba a ganinsa daga waje. H.323 da SIP suna rubuta adireshin na'ura a cikin saƙon ƙulla kiran, sai na'urarka ta gaya wa ta abokinka ta turo hoto zuwa adireshin da babu hanyar isa gare shi. Naka yana fita, nasa ba ya shigowa. Kiran yana ƙulluwa ne saboda mashigarsa, wato lambar ƙofar da saƙon ke bi, dabam ce, 1720 ga H.323, 5060 ko 5061 ga SIP, amma sauti da hoto ta wasu mashigun UDP masu yawa suke bi.

Ka fara da kashe abin da ake kira SIP ALG a rautar, domin an yi shi ne don ya gyara wannan adireshin, amma sau da yawa gyaran gangar auzinawa yake yi. Sannan ka duba ko na'urar tana da H.460, wanda aka tanada don tsallake irin wannan katangar, ko da yake sai ɗaya ɓangaren yana da saba, wato babbar kwamfutar da ke kula da kiran, mai goyon bayansa. Idan kuma adireshin waje na rautarka yana tsakanin 100.64 da 100.127, kamfanin intanet ɗinka ya haɗa ka da wasu a adireshi guda ke nan, buɗe mashigai a rautar ba zai amfane ka da komai ba.

Abu ɗaya nake roƙonka, Malam: kada ka bi shawarar masu cewa a fito da na'urar fili a intanet don a huta. Masu laluben mashigar 5060 ba sa barci, za ka riƙa samun kiran da babu kowa a kai tsakar dare. A 2012 masu binciken tsaro na kamfanin Rapid7 sun nuna cewa dubban na'urorin taro suna amsa kira da kansu, har baƙo ya iya leƙa ɗakin taro ba a sani ba. A gida kuwa, iyalinka ne a gaban kyamarar. Ka kashe amsa kira ta atomatik tun yau, ka kuma sauya kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita.

Baban Amira:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba gayyata uku, babu layin adireshin bidiyo ko ɗaya. Na kashe SIP ALG da amsa kiran, amma adireshin rautar da 100.72 ya fara, ke nan na faɗa cikin rukunin da Hajiya ta ambata. Shin idan na roƙi ofis su sayi gadar saboda ni kaɗai, ba zai zama neman wuce gona da iri ba?

Tsohon Ma'aikaci:

Zai zama, ƙanena, kuma da wuya su amince, sai dai idan suna da tsofaffin ɗakunan taro da su ma ke buƙatarta. Ni a ganina abin da kake so daga wannan na'ura kyamara ce da makirufo, ba akwatin kiran ba. Ka bar kwamfutar ofis ta shiga Teams yadda ta saba, domin ita ta san hanyar fita daga bayan rauta ba tare da ka taɓa komai ba, sannan ka nemi yadda za ka kai mata hoton. Wasu na'urorin suna da yanayin USB da ke mayar da su kyamara da makirufon kwamfuta. Idan taka ba ta da shi, amma tana fitar da hoton kyamararta ta HDMI, ƙaramar na'urar kama hoto mai USB za ta yi aikin. Ka duba bakin wayar kyamarar kafin ka sayi komai, domin wasu masana'antun suna da nasu soket na musamman da ba ya shiga ko'ina sai akwatinsu. Sautin ne zai fi ba ka wuya: idan makirufon na'urar da lasifikar kwamfuta suna aiki lokaci guda, mutanen taron za su riƙa jin amsa-kuwwar muryarsu, don haka makirufo da lasifika su kasance na na'ura ɗaya.

Ko da an sayi gadar ma, ba a gama ba. Nuna takardu a allo yana bin ƙa'idar H.239 a kiran H.323, ko BFCP a kiran SIP, kuma idan ɗaya a kashe yake za a gan ka amma ba za a ga takardarka ba. Na'urar da ba a yi wa rajista da ofis ba kuma baƙuwa ake ɗaukarta, sai ta jira a zaure har mai taron ya buɗe mata.

Injiniya:

Na yarda da Baba, da ƙari guda. Kafin ka jona wani abu a kwamfutar ofis, ka tambayi sashen kwamfutarku, domin wasu ma'aikatun suna toshe na'urorin USB da ba su sani ba. Ka turo mana sunan samfurin da jerin soket ɗin da ke bayan akwatin, mu ga ko akwai HDMI na biyu da za a iya ware wa hoton kyamara.