Yaya zan rufe murfin kwamfuta ba tare da ta daina aiki ba?

Ɗalibi daga Zango:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Ina da kwamfutar tafi-da-gidanka mai Windows 10 da Faransanci, kuma da dare nake sauke manyan darussa daga intanet, amma da zarar na rufe murfin domin ƙura da hannun yara sai ta yi barci, saukewar ta tsaya. Ko akwai hanyar da za ta ci gaba da aiki a rufe?

Mai gyara a Kasuwar Dole:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ba lalacewa ba ce, haka aka tsara ta: akwai ɗan maganaɗisu a jikin murfin, idan ya kusanci na'urar da ke gane shi sai kwamfutar ta san an rufe. Shiga Panneau de configuration, ka buɗe Options d'alimentation, ka danna "Choisir l'action qui suit la fermeture du capot". Za ka ga layi biyu, na batir da na lokacin da take jone da wuta. A na wuta kaɗai za ka zaɓi "Ne rien faire", sannan ka adana. Ka kuma duba lokacin da aka sa mata na yin barci da kanta, ka mai da shi "Jamais", domin in ba haka ba, za ta kwanta ko da murfin bai sa ta ba. A Windows 11 ma hanyar ɗaya ce.

Malama daga Birni:
Bayanin maigida daidai ne, sai dai ina so a tsaya a kan zafi, domin shi ne abin da ya fi damuna a garin nan. A watannin Afrilu da Mayu zafin Damagaram yakan wuce digiri 40, alhali kamfanin Apple, misali, ya ce a yi amfani da kwamfutocinsa tsakanin digiri 10 da 35. Wasu kwamfutocin suna fitar da wani kaso na zafinsu ta wajen madannai, to idan an rufe murfin an tauye wannan hanyar, kuma zafi shi ne babban abin da ke tsofar da batir har ya kumbura. Ɗana, kada ka ɗora ta a kan katifa ko darduma. Ka sa ta a kan tebur, ka ɗan ɗaga bayanta domin iska ta ratsa ƙarƙashinta, kuma idan ka ji fankar tana kuka ba tsayawa, ka buɗe murfin.

Ɗalibi daga Zango:
Na gode, Malama. To me ya sa ba za a canja layin batir ba, tunda ana iya ɗauke wuta cikin dare?

Mai gyara a Kasuwar Dole:
Dalili shi ne ranar da za ka rufe ta ka cusa a jaka ka hau kabu-kabu, tana nan a kunne, babu iska, kuma irin waɗannan ake kawo mana jikinsu ya yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa. Idan ɗauke wuta kake tsoro, ka yi amfani da manhajar saukewa wadda ke ci gaba daga inda ta tsaya. Idan kuma dole ne ka canja layin batir ɗin, ka saba da kashe ta gaba ɗaya kafin ta shiga jaka, sannan bayan hunturu ka kai ta a busa ƙurar da ta taru a fankar.