Musayar waƙa: Oshodi da fentin mai

Ɗan Agege:
Salam jama'a, ina koyon zane da fentin mai, na ɗauko Oshodi ta Ikko da yamma da danfonta, wato ƙananan bas-bas masu ruwan ɗorawa, amma abin ya ƙi ni, ga kukana

Na zana Oshodi da yamma tana cikowa,
Danfo a jere, gada babu karkacewa,
Komai daidai da hoton da nake dubawa,
Amma ba hon, ba zafi, ba ƙosawa,
Masu buroshi ina kuke, ku zo da gyarawa.

Anti ta Idi-Araba:
Ƙanina, rula ce ta ɓata ma aiki,
Gosulo ba a ido yake ba, yana a jiki,
In bene ya danne ka, sa shi ya sunkuyo ciki,
In ranka ya ɓaci sama ta yi ja, ba mamaki,
Kwandasta ko bar fuskar, ka ba shi baki.

haka mai zane Kirchner ɗan Jamus ya yi wa titin Balin a 1913 fa, mutane zaro-zaro kamar an ja su, titi ruwan hoda, shi da abokansa ne suka kafa ƙungiyar masu zane ta Die Brücke a Dresden ta Jamus a 1905, abin da ke ransu suke zubawa a kanbas

Mai Goro na Mile 12:
Anti a gafarce ni, zan faɗi gaskiya,
Wani na karkata gini don miƙewar bai iya,
Ya watsa fenti ya ce salon Turai ne sabon yayi,
To in an kai shago, wa zai saya?

Anti ta Idi-Araba:
Alhaji baiti na uku ya zame ma, amma maganarka na kan hanya 😂

Marigayi mai zane Yusuf Grillo ya yi karatu a Zariya,
A kwalejin Yabatech ta Ikko ya koyar, ɗalibai sun sha tarbiyya,
Shuɗi ya riƙe, mata ya ba su dogon wuya,
Da gangan ya ja su, don ma'aunin ya iya.

Ɗalibin Yaba:
ku dai yi ta musu, ni bari in shiga wajen fentin kansa don shi ba ruwansa da salo, ko ka karkata ko ka miƙe dokarsa ɗaya ce, tafentin shi ne ruwan da ake tsinka fenti da shi, linsid kuwa man da ake kwaɓa shi da shi

Shafin farko ruwan ƙasa, tafentin ka tsinka shi,
Na sama ƙara man linsid, sannan ka kaurara shi,
In ka juya tsarin, gaba tsagewa za ta ci shi,
Ɗorawar danfo kar ka sa baƙi ka dusashe shi,
Kore zai koma, shunayya ce inuwar da ta dace da shi,
Fitilun gada kuwa wuƙa ka sa, ajiye buroshi.

kuma kar ka yi gaggawa, mai kauri sai ya yi sati bai bushe ba balle da damina a Ikko, banish kuwa, wato shafin ƙyalli na ƙarshe, sai bayan wata 6

Ɗan Agege:
Na gode manya, zan kankare in sake,
Amma ɗaki ɗaya ne, tafentin ya sa na shaƙe,
Maƙwabta na ƙorafi, ya zan yi in tsallake?

Ɗalibin Yaba:
Buɗe taga, rufe kwalba, ko ka fita baranda,
Akwai marar wari a shagon fenti, tambaya ka gwada,
Tsumman linsid kar ka dunƙule shi a kwanda,
Da kansa yake kama wuta, shanya shi a waje ko ka jiƙa shi a bokiti, wannan kam ba waƙa ba ce malam