Sun ɗaura wani akwati a falwayar fitila daidai tagarmu, in tashi ko in zauna?

Maman Ihsan: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Muna haya a Tudun Wada, ciki da falo, kuɗin bana ma da ƙyar aka haɗa, sai da ƙanwar maigida ta cika mana, shi kuma yana Legas aiki ya tsaya masa. Shekaranjiya wasu samari suka zo da dogon tsani suka ɗaura farin akwati mai 'yar eriya a saman falwayar fitilar layinmu, daidai tagar ɗakin yara. Fitilar nan tun azumi ba ta kama ba, ba wanda ya leƙo ta. Maƙwabciyata ta ce na'urar sabis ɗin waya ta 5G ce, tana sa ciwon daji. Tun ranar autana ke kukan dare. In kwashe su mu koma gidanmu a Gyallesu?

Hajiyar Kwangila: Tashi, 'yata. Mu da aka kafa mana ƙarfen sabis a bayan gida, janareta ya hana mu barci, baƙin mai har cikin kwata. Mai filin ya karɓi kuɗinsa ya koma Kaduna, ya bar mu da hayaƙi.

Injiniya Samaru: Hajiya, da girmanki, amma naku daban nata daban. Waɗannan ƙananan ba su da janareta. Siginar da suke fitarwa irin ta rediyo ce da wayar hannu, ba irin hasken hoton ƙashi na asibiti ba. Wayar da kike mannawa a kunne ta fi kusa da jikinki nesa ba kusa ba. A 2020 haka aka ce 5G ce ta kawo korona, har aka ƙona turakun sabis a Ingila, alhali a Najeriya sai Disamba 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisinta. Yaro kuma a kai shi a duba, ko haƙori ne ko zazzaɓin sauro.

Ɗan Kofar Doka: To wa ma ya ce sabis ne? Na layinmu batirin sola ne a ciki, ɓarayi suka kwance shi cikin sati. Ki ɗauko hoto mu gani.

Maman Ihsan: Wayata ba ta ɗaukar hoto sosai. Kuma Injiniya, ni na haifi yaron nan, na san kukan haƙori. Ban tambayi samarin ba saboda ba na fita in maigida ba ya nan.

Injiniya Samaru: Shi ke nan, ki tura wa mai unguwa ya tambayi takardar izini, a Jihar Kaduna hukumar tsara birane, KASUPDA, ke bayarwa. Ko ki kira 622, layin ƙorafi na NCC, kyauta ne. Amma ki bar kuɗin haya a ƙasa saboda akwati? Haba.

Hajiyar Kwangila: Mai unguwa? Ai da shi ake rabawa.

Abban Sadiq: Ni dai in zai gyara mana sabis su kawo ƙofar gidana. Sai na hau katanga nake tura kuɗi.

Maman Ihsan: Na kira maigida ya ce in jira ya dawo. Ni dai na mayar da katifar yara falo. Akwai wanda ya san ko mai gidan haya yana mayar da ragowar kuɗi in mutum ya tashi?