Za mu bar dafa ruwan wanka da gas: wace irin hita ta dace da gida a Agege?

Baban Khadija, Agege:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar wuta da ta famfo. Mu bakwai ne a gida, ciki har da mahaifiyata wadda ba ta iya alwalar asuba da ruwan sanyi saboda ciwon gwiwa, kuma maiɗakina na dab da haihuwa, ga wankan jego na kwana arba'in a gabanmu. Har yanzu a kan gas muke dafa ruwan wanka, silinda mai kilo 12.5 kuwa ba ta daɗe mana, ban da fargabar da nake yi duk lokacin da yara suka ratso tsakar gida da tukunyar tafasasshen ruwa. Tunda an sa layinmu a rukunin Band A, na waɗanda suka fi samun wuta, kuma muna da mita mai kati, na yanke shawarar komawa lantarki. A kasuwar Alaba an nuna mini iri biyu: mai tanki wadda take tara ruwa, da ƙarama wadda take dumama ruwan nan take yayin da yake wucewa. Ruwanmu na burtsatse ne, ana tura shi tankin da ke bisa ƙarfe a bayan gida. Wacce ta fi dacewa da mu?

Injiniya Abu Sadiq, Ikeja:

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sauki iyali lafiya. Abin da masu shago ba su cika faɗa ba shi ne, yawan wutar da ake buƙata don dumama ruwa kusan ɗaya ne a na'urorin biyu, bambancin yana wajen yadda kowacce take jan wutar. Kowace lita ɗaya tana cin kusan wat 1.16 na awa kafin zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya. Mu ƙaddara ruwan tankinka yana kan digiri 27, kamar yadda aka saba a Legas: tanki mai lita 50 zai ci kusan yunit 1.9 kafin ya kai digiri 60, wato kamar Naira 400 a farashin Band A, wanda aka ɗaga zuwa Naira 225 a Afrilun 2024 kafin a rage shi zuwa ɗari biyu da 'yan kai. Idan aka surka wannan ruwa da na sanyi zuwa digiri 40, ana samun sama da lita 120, bokiti shida ke nan masu lita 20.

Mai tankin yawanci kilowat 1.5 ce, tana jan amfiya shida da rabi, kuma tana gama aikinta cikin awa ɗaya da minti ashirin. Ta nan take kuwa daga kilowat 3.5 take farawa, amfiya 15 ke nan, manyanta har su kai kilowat 7, amfiya 30. Irin wannan ba a jona ta a soket, sai an ja mata waya mai kauri daga akwatin rabon wuta, mai milimita 4 ko 6 gwargwadon girmanta, kuma ƙaramin janaretan gida ba ya ɗaukarta. Ga babbar matsalar: alƙawarin Band A awa 20 ne a rana, ba 24 ba, kuma babu wanda ya san ko awa huɗun da suka rage za su faɗo daidai asuba. In an ɗauke wuta, ta nan take ta zama kwalliyar bango, amma mai tanki tana riƙe zafinta sa'o'i masu yawa saboda rufin da ke jikinta. Haka nan ta nan take tana son ruwa mai ƙarfi kafin ta kama, kuma tsayin mita 10 ne yake ba da ƙarfin "bar" ɗaya, wato ma'aunin matsin ruwa, tankin da ke bisa ƙarfe mai mita huɗu ko biyar kuwa ko rabin haka da ƙyar yake kaiwa. A ganina ka ɗauki mai tanki, lita 50 in banɗaki ɗaya za ta yi wa aiki, lita 80 in biyu ne kuma suna kusa da juna.

Hajiya Maman Ummi, Ajah:

Injiniya ya yi bayanin wuta, ni kuma zan yi maganar ruwa, domin a nan na sha wahala. A ɓangarenmu ruwan burtsatse yana da gishiri-gishiri da ƙarfe, shi ne yake mayar da farar tufa ja. Hitarmu ta farko ba ta cika shekara biyu ba ta fara ɗiga ta ƙasa, da mai gyaran famfo ya buɗe ta sai muka tarar sandar da ke cikinta, wadda ake sa wa don tsatsa ta ci ta a madadin tankin, ta narke ƙarƙaf ba mu sani ba. Ruwan Agege ba lallai ya kai namu ba, amma duk da haka ka sa matatar ruwa kafin ya shiga hitar, kuma a duba wannan sanda duk shekara, domin canza ta ya fi sayen sabon tanki sauƙi nesa ba kusa ba.

Batun jego kuma, Baban Khadija, kada ka sa rai hitar za ta maye gurbin tukunya gaba ɗaya. Iyayenmu da ganyen darbejiya ko na tsamiya suke dafa ruwan, kuma na san Hajiya ba za ta yarda a yi wa surukarta wanka da ruwan famfo tsura ba. Abin da muka yi shi ne, a tari ruwan zafin daga hita, a dafa ganyen a ƙaramar tukunya, sannan a haɗa. Gas ɗin da ake ƙonawa bai kai na da ba ko kusa.

Malam Na-Allah, Idi-Araba:

Ni ban yarda a rufe magana a kan waɗannan biyu kaɗai ba, tunda gidan naka ne ba haya ba. Akwai hita mai aiki da hasken rana, wadda ake ɗorawa a kan rufi da bututan gilashi, ba ta cin yunit ko ɗaya a ranar da aka yi rana, kuma da yawansu suna zuwa da abin dumamawa na lantarki a ciki saboda watannin Yuni da Yuli, lokacin da hadari yake rufe Legas kwana da kwanaki. Tsadar sayenta ce matsala, sai kuma nauyi, domin lita 200 kilo 200 ne na ruwa kawai, dole kafinta ya duba katakon rufin. Akwai kuma wadda take aiki kamar firij amma a juye, tana zuƙo zafi daga iska, kuma tana ba da zafi ninki uku na wutar da ta ci. Iskar Legas mai ɗumi ta dace da ita, sai dai masu gyaranta ba su da yawa.

Injiniya Abu Sadiq, Ikeja:

Maganar Malam Na-Allah gaskiya ce ga wanda yake da kuɗin a hannu, amma haihuwa ta ƙarato, aikin rufi kuma ba na gaggawa ba ne. Abu uku ne ba na sassauci a kansu, kowace iri ka saya. Wajibi ne gidan ya kasance da wayar ƙasa (earth) mai aiki, a gwada ta da na'ura, domin gidaje da yawa da na shiga ramin soket na uku babu komai a bayansa. A sa makatsar wuta mai miliamfiya 30, wadda take yanke wuta nan take idan ta fara bin jikin mutum. Sannan kada a bar mai gyaran famfo ya toshe bawul ɗin da yake fitar da ruwa idan matsi ya yi yawa, wai don yana ɗiga. Ɗigar nan aikinsa ne, a ja masa ɗan bututu zuwa magudana. Zafin kuma a bar shi a digiri 60, saboda ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a ruwa mai ɗumi-ɗumi da ya kwanta, amma a koya wa yara su fara buɗe na sanyi, domin ruwan digiri 60 yana ƙona fata cikin daƙiƙoƙi kaɗan.

Baban Khadija, Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na kira mai aikin wutarmu ya duba jiya, ya ce lallai babu wayar ƙasa a ɓangaren banɗakin Hajiya, don haka da ita za mu fara ranar Asabar, sannan a ɗora mai lita 80 tsakanin banɗakunan biyu. Injiniya, makunnin nata a cikin banɗaki ake sa shi ko a waje?

Injiniya Abu Sadiq, Ikeja:

A waje, Malam, kusa da ƙofa, inda jiƙaƙƙen hannu ba zai kai gare shi ba. A nemi mai amfiya 20 wanda yake yanke wayoyi biyun tare, mai ɗan jan fitila, domin Hajiya ta riƙa ganin ko a kunne yake.